Geron da Ya Tashi a Gidan Sauro

Ana sauke damin ƙarshe daga amalanke Zahra'u ta sauko daga keke-napep a ƙofar gidan mahaifinta, sikeli a hannu ɗaya, ƙunshin tsummoki a ɗayan. Tsummokin ta yayyaga su siri-siri, kala huɗu: fari, kore, ja da baƙi.

Maniru yana kan tsani a bakin rumbu, yana karɓar dami daga hannun ƙanensa Husaini. Da ya hango ta sai ya ji daɗi ya kama shi, don ya so a ce wani daga gidan ya ga aikin da idonsa. Tun bayan sallar asuba ya tara mutanen unguwa aka yi wa gonar Malam Muhammad Sani gayya. An yanke, an ɗaure, an kwaso, kafin la'asar komai ya shiga rumbu. Malam yana kwance a Shagari wurin 'yarsa Zahra'u, ciwo ya ci ƙarfinsa, tsuntsaye kuma ba su san ana jinya ba.

Suka gaisa, ya tambayi mai jiki. Ta amsa, amma idonta yana kan amalanken da babu komai a ciki.

"Yaya Maniru, wanga geron wace gona na?"

"Ta Malam mana. Mun hutasshe ku."

"Duka?"

"Ko zangarniya ɗaya ba mu bari ba."

Ta aje sikelin a ƙasa a hankali, kamar mai aje ƙwai. "To ina na raga ɗaya? Ina na raga ukku?"

Maniru ya dubi cikin rumbu. Dammai ne kwance kan dammai, tsaf, kai da kai, yadda duk mai hankali zai jera su.

Duk Bodinga an san gonar. Tana kan hanyar Dingyaɗi, kuma har masu motar haya sukan rage gudu su nuna wa fasinja. Shekara uku ke nan Malam yake raba wani yanki nata gida huɗu. Kashi ɗaya ya bar shi a rana. Sauran ukun ya kakkafa musu dogayen dirkoki, ya shimfiɗa tsofaffin gidajen sauro a sama kamar rumfa: nan ninki ɗaya, can biyu, can uku. Ruwa yana ratsawa, rana ce take raguwa. Gidajen sauron gida-gida ya bi ya roƙo su, har mata suka riƙa cewa tun da matarsa ta rasu Malam ya koma tausayin gero, kada sauro ya cije shi.

Maniru katanga ɗaya ce tsakaninsa da Malam, kuma Malam ya koyar da shi kimiyya a sakandare kafin Maniru ya gudu ya kama noman albasa. Har yau, da furfurarsa da 'ya'yansa, ɗan bayan aji yake kiransa. Shi kaɗai ne a unguwar ya taɓa zama a zaure ya tambayi dalilin ragar da gaske, ba don ya samu abin dariya ba. Malam ya ɗauko masa wata mujalla ta masana, irin wadda ke buga bincike kan makaman nukiliya da sauran abubuwan da za su iya gamawa da 'yan Adam. Wani tsohon ɗalibinsa ne yake aiko masa. Babu hoton kirki a ciki, sai zane-zanen layuka masu gangarowa ƙasa.

Abin da Maniru ya iya riƙewa shi ne, idan ƙasashen da ke da waɗannan bama-bamai suka yi yaƙi, birane za su ƙone, hayaƙin ya hau sama can inda ruwan sama ba ya kaiwa balle ya wanke shi. Daga nan ya zagaye duniya, rana ta dushe shekara da shekaru, amfanin gona ya lalace har a wuraren da ko ƙarar bam ba a ji ba.

"To mu mi munka yi musu?" ya tambaya a ranar.

Malam ya ce hayaƙi ba ya tsayawa tambayar mai laifi. Ya ce abin da ya dame shi shi ne duk inda ya buɗa alkama ce da masara da shinkafa. Gero sai a ɗan layi ɗaya, kamar an tuna da shi a bakin ƙofa. Shi kuwa so yake ya san abin da geron Bodinga zai yi idan aka rage masa rana.

Bara ya rubuta abin da ya gani a damina biyu, Zahra'u ta buga masa a kwamfuta, don ita malamar lissafi ce a Shagari, suka aika wa mujallar. Edita ya ba wa masana biyu su duba, kuma ba a faɗin sunayensu. Wannan ya ɗaure wa Maniru kai ƙwarai: alƙalin da zai yanke maka hukunci da fuska a rufe. Na farko ya ce damina biyu ta yi kaɗan, a ƙara ta uku. Na biyu ya ce raga tana rage haske amma ba ta kawo sanyi, dole marubucin ya faɗi haka ƙarara. Malam ya yi mako guda yana murna da na biyun, yana gaya wa duk wanda ya shigo zaure cewa wannan mutumin ya karanta da gaske.

Duk wannan Maniru ya sani. Ya kuma san Malam yana auna gero bayan girbi. Abin da bai taɓa gani ba shi ne yadda ake aunawar, don lokacin shi yana fadama wurin irin albasa. A kansa, awo shi ne a san abin da gona ta bayar. Bai taɓa kawowa ba cewa kowane kashi da kalar tsummansa, kuma bambancin da ke tsakaninsu shi ne aikin gaba ɗaya.

Suka sauko da dammai biyu, suka kwance a kan tabarma a tsakar gida. Husaini ya ce ai abin ba shi da wuya, na inuwa sirara ne, ido ma ya isa. Suka fara warewa, kuma da farko abin ya tafi daidai. Sai Zahra'u ta ɗaga wata zangarniya ta ce ta raga biyu ce, Maniru ya ce ta raga ɗaya ce, Husaini ya karɓa ya juya ta ya rantse cewa shi ya yanko ta a gefen jigawa, inda ko a rana gero ba ya ƙiba. Kaji suka matso suna tsattsagar abin da ya zube.

"Ni dai in za ku ji tawa," in ji Husaini, ya rage murya, "likita ya ce kwanaki na. Ku ɗauki lissahin bara ku ɗan taɓa shi. Tsoho shi tahi da daɗin rai. Masu ɓoye sunan ga sun taɓa ganin gero?"

Maniru ya jira Zahra'u ta yi wa Husaini faɗa. Ba ta yi ba. Tana zaune tana naɗe jan tsumma a yatsanta tana warwarewa. Can ta ce tun da sassafe Baba yake tambayar ko ta ɗauki sikeli, ya sa ta maimaita masa kalolin har sau biyu. Ta ce abinci ya daina shiga, amma wannan maganar tana sa shi tashi zaune.

"Ni ba ni iya hwaɗa mai, Yaya Maniru," ta ce. "Kuma ban san ko ina iya yi mai ƙarya ba."

Da ya shiga gida, matarsa Indo ta saurare shi tana tankaɗe. Ita ta dafa wa masu gayya abinci, hannunta har ya yi ja. Ta ce wanda ya kira gayya shi ne zai kai labarinta, ta juya ta ci gaba da aikinta.

Washegari da hantsi ya hau bas zuwa Shagari, ya bi Zahra'u wadda ta koma tun yamma. A hanya gonaki duk an yanke, kara a kwance, yara da jakuna suna ta kai-komo. Ya shirya magana kala-kala a ransa. A wata ya ɗora wa tsuntsaye laifi, a wata ya ce an ware amma tsummokin sun ɓace. Har bas ta tsaya bai zaɓi ko ɗaya ba.

Ya iske Malam a ɗakin baƙi, kwance kan katifa, an sauke masa gidan sauro da rana saboda ƙudaje. Ya rame har Maniru ya fara gane shi ta tabarau.

"Ɗan bayan aji," in ji Malam, muryar a shaƙe. "Ka ishe ni a raga ɗaya. In sunka ƙara ta biyu, ka san ba ni ƙara tsawo."

Maniru ya durƙusa ya gaishe shi, ya isar da gaisuwar Indo da ta liman da ta mutanen unguwa ɗaya bayan ɗaya, yana jan sunayen don kada su ƙare. Zahra'u tana tsaye a bakin ƙofa. Malam ya bari ya gama tsaf.

"Ɗiyag ga tun jiya taka kewaye-kewaye. Ta ce sikeli ya yi gardama. Sikelin da nis saya tun ba ta iya tahiya ba. Kai hwaɗa min."

Sai Maniru ya faɗa. Ya ce shi ya kira gayya, shi ya ce a kwashe raga don a ji daɗin yanka, shi ya hau tsani ya jera. Ya ce geron yana rumbu, lafiya lau, a haɗe.

Malam ya rufe ido. Maniru ya fara kallon ƙirjinsa don ya ga ko yana motsi. A waje wata mai fura tana talla, ta wuce, muryarta ta yi nisa.

"Mutum nawa sunka zo?" Malam ya tambaya, idonsa a rufe.

Maniru ya ce unguwa duka, har da waɗanda suke yi masa dariya.

"Har Bilyaminu mai shayi?"

"Shi yaf fi kowa dami."

Wani abu ya motsa a bakin Malam, ba za a ce murmushi ba ne. Hawaye ɗaya ya gangaro ta ƙarƙashin tabarau ya shige kunnensa, bai share ba.

Maniru ya yi sauri ya ce ana iya warewa da ido, na inuwa ba ya ɓoyuwa, shi da Husaini za su zauna ko mako ne su yi. Malam ya girgiza kai. Ya ce ido ya riga ya san amsar da yake so: duk siririyar zangarniya zai jefa ta inuwa, duk mai ƙiba ya jefa ta rana, a ƙarshe sikeli ya auna zaton Maniru, ba gero ba. Sannan ya juya wajen ƙofa.

"Zahra'u, na san abin da kika tunani, don ni ma shi nika tunani yanzu. Kada ki yi. Wani za shi karanta, shi ɗauki lissahin shi ɗora nashi bisa, wani shi ɗora bisa nashi. Rubuta ma edita gaskiya. Ki ce maƙwabta sun yi min alheri, daminar bana ta tahi."

Ta ce to, ta fita da sauri.

Maniru ya zauna ya rasa inda zai sa hannuwansa. Tambayar da ta fito daga bakinsa ba ita ya yi niyya ba. Ya ce shi har yau bai gane ba, idan abin ya kai ga haka, duniya ta ƙone, wa zai tsaya neman takardar gero?

"Wanda bam bai kashe ba," in ji Malam. "Za shi tashi da sahe, ɗiyanai su ce hura. Ya kamata a ce wani ya riga ya duba mai: shi shuka gero, ko shi nemi wani abu?" Ya huta, ya ja numfashi. "To kai da kas shiga ƙarƙashin raga ukku, mi kag gani? Ni bana ban gan su sun hidda kai ba."

Maniru ya yi tunani. Ya ce karan ya yi tsawo siriri kamar yana neman hanyar fita, da yawa sun kwanta. Ya ce wasu zangarniyoyin har jiya ɗanyu ne, in ka matsa ruwa-ruwa. Ya ce ƙasar wurin da laima, ga tururuwa ta yi gida a gindin dirka. Malam ya buɗe ido. Ya tambayi ko ɗanyun a tsakiya suke ko a gefe, ko ganyen ya yi faɗi, ko tsuntsu ya taɓa su. Wasu Maniru ya sani, wasu ya ce bai lura ba, kuma duk sanda ya ce bai lura ba sai Malam ya gyaɗa kai kamar ya ba da amsa daidai.

"Malam, in mutum ya rasu, suna buga aikinai?"

"Suna bugawa. Sai su sa wata 'yar alama kusa ga sunan."

"In anka samu damina ta ukku."

"In anka samu."

Maniru ya dubi ragar da ke tsakaninsu. Akwai wata 'yar ɓula da aka ɗinke da baƙin zare. Ya ce dirkokin suna nan a kafe, ba a tuge ko ɗaya ba. Ya ce baɗi, in da rai, shi zai shuka, Zahra'u ta auna.

"Kai da kag gudu daga aji?"

"Gona ta, ba aji ba."

"Aikin ba shuka na ba," in ji Malam. "Aikin shi na ka tsaya bakin gona ran girbi ka hana mutanen kirki taimakonka."

Bayan kwana biyu ya ce a mai da shi ɗakinsa. Aka kawo shi Bodinga a motar mijin Zahra'u. Labari ya riga ya zagaya, don haka masu gayya suka riƙa shigowa dubiya a sunkuye, kowa da haƙurin da zai bayar. Malam bai bar kowa ya gama ba. Sai ya tambayi mutum a wane kashi ya yi yanka, me ya gani. Bilyaminu ya ce na raga biyu wuƙa tana shigarsa kamar rake. Husaini, da ya fi kowa jin kunya, ya ce a raga ɗaya shi bai ga wani bambanci da na rana ba, Malam ya sa shi ya sake faɗa. Zahra'u ta tambaya ko ta rubuta. Ya ce a'a, wannan ba na mujalla ba ne, nasa ne.

Ranar Laraba da hantsi Maniru yana zaune gefensa, Malam ya ce a ɗage ragar, a buɗe taga. Rana ta shigo ta kwanta a kan ƙafafunsa. Ya motsa yatsun ƙafar a cikinta. Maniru ya ji ya fara kalmar shahada, ya taya shi, a karo na biyu Maniru kaɗai ya ƙarasa.

Aka kai shi kafin azahar. Mutanen da suka ɗaure dammansa su suka ɗauki makararsa.

Amsar edita ta zo a wayar Zahra'u ranar sadakar uku. Ta aiko a kira Maniru zaure na ciki, ta karanta masa tana fassarawa. Editan, wanda ta riga ta sanar da shi rasuwar, ya yi ta'aziyya, ya ce ba za su buga da damina biyu ba, amma za su bar takardar a buɗe har girbin baɗi. Maniru ya tambayi ko masu ɓoye sunan za su ji cewa Malam ya rasu. Ta ce tana jin za a gaya musu. Ya ce ya kamata a gaya wa na biyun.

Gumbar sadaka da geron rumbun aka daka ta, don shi ne a kusa. Aka fito da ita a faifai ana rabawa a ƙofar gida. Maniru ya karɓi tasa, ya gutsura, ya daɗe yana taunawa, yana neman ko harshe zai gane ƙwayar da ta tashi a inuwa. Gero ne kawai, da zaƙinsa.

Da ya shiga gidansa da la'asar ya tarar igiyar shanya ta cika. Matan da suka zo gaisuwa, bayan hatsin da suka kawo, kowace ta miƙa wa Indo tsohon gidan sauro a naɗe. Indo ta haɗa da na gonar ta wanke su duka. Suna rataye, fari da shuɗi da kore, wasu sun hau kan wasu, suna ɗiga.

Ya tsaya a bayansu ta inda inuwar ta faɗi. Ya miƙa hannu a bayan ninki ɗaya, ya ji rana a tafinsa. Ya matsa gaba, bayan ninki biyu, ya tsaya yana sauraron ɗumin. Indo ta leƙo daga madafi ta gan shi, ta koma. Ya ƙara matsawa zuwa inda raga uku suka haɗu, ya bar hannun a buɗe.